Daga Tsohuwar Tasha Zuwa Rigasa

Jirgin ƙasa ya riga gwamna zuwa Kaduna. Kafin Turawa su ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru su dawo da ita nan a 1917, layin dogo ya riga ya haye kogin Kaduna ya nufi Zariya da Kano tun 1911. Daga baya layin gabas, wanda ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Inugu da Kafancan, ya zo ya haɗe da shi a kudancin kogin. A gindin wannan mahaɗa na tashi, ba nisa da masaƙun Kakuri, a gidan da ba mai karɓar albashin reluwe ko mutum ɗaya, amma kowa da jirgi yake ci.

Goggona waina take soyawa. Tun asuba take kafa tanda a bakin tasha, ni kuwa in na taso daga makarantar allo sai in ɗauki faranti in bi taragu. Jirgin Legas da ya kwana a hanya, ya ratso Ibadan da Jebba da Minna, ba ya isowa sai da yunwa. Kafin ya gama tsayawa hannaye sun fito ta tagogi, wannan na kiran mai fura, wancan na kiran mai ƙwai, ga masu rake da masu tsire na ture juna. Cinikin taga yana da ƙa'idarsa. Ka miƙa kwano sama, fasinja ya juye, ya miƙo kuɗi. In aka busa usur alhali canjinsa na hannunka, to sai ka bi jirgin da gudu kana miƙa masa, jama'a na yi maka kuwwa. Goggo ba ta yarda a dawo mata da kwabon matafiyi ba.

"Kai yaro, ka ba shi canjinsa?"

"Na ba shi, Goggo, sai da na kai ƙarshen dandamali."

"To madalla. Haƙƙin baƙo ba ya kwana a gidan nan."

Mu yara kuma muna da namu wasan, wanda yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi. Mukan kara kunne a jikin ƙarfen dogo mu ji tahowar jirgi tun bai bayyana ba, mu ɗora ƙusa a kai, in ya wuce mu tsince ta da zafinta ta zama 'yar wuƙa. Allah ne kawai ya tsare.

Daga kudu ake sauke goro da manja da garin kwaki, daga arewa a loda shanu da wake da albasa. 'Yan dako da masu amalanke, masu wankin takalmi, mai shayi da ba ya rufe tebur sai jirgin dare ya wuce, duk a wannan fili suke neman na kai wa bakin salati. A kwatas ɗin ma'aikata kuwa Bayarabe da Inyamiri da Banufe da Bajju katanga ɗaya ce tsakaninsu, 'ya'yansu kuma Hausa suke yi da mu. Manya har yau suna ambaton lokacin Indiyawa, wato daga 1979 zuwa 1982, da aka ɗauko su suka riƙe harkar jiragen, don a shekarun nan mutum yana iya saita agogonsa da isowar jirgi.

Ba rana ɗaya abin ya mutu ba. Tirela ta ƙwace kaya, bas ta ƙwace fasinja, jirgi ya koma zuwa jefi-jefi, ciyawa ta rufe wasu layukan. Da masaƙun Kakuri suka shiga rufewa a farkon shekarun 2000 sai unguwar ta rasa ƙafarta ta biyu. Goggo ta mayar da tandarta ƙofar gida, inda cinikin yini bai kai na jirgi ɗaya ba. An farfaɗo da jirgin Legas zuwa Kano a ƙarshen 2012, mun yi murna, amma tasha ba ta koma yadda take ba.

Sai ga sabon layi. A watan Yulin 2016 Shugaba Buhari ya buɗe hanyar Abuja zuwa Kaduna, kilomita 186, wadda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina. Faɗin sabon dogon ya fi na tsohon, milimita 1,435 a kan 1,067, saboda haka sabon jirgi ba ya iya hawa tsohon layi. Tasharsa ma can aka kai ta, Rigasa, a yammacin gari.

Ba zan rage wa wannan tasha daraja ba. Na shige ta, na zauna a kujera mai lamba, cikin sanyi, ba wanda ya ɗora mini buhu a ƙafa, na sauka tashar Idu ta Abuja cikin sa'o'i biyu da 'yan mintoci. Wanda ya taɓa kwana a tsaye tsakanin Minna da Kaduna ya san girman wannan ni'ima. A shekarun da masu garkuwa da mutane suka addabi titin Abuja, jirgin ne ya zama mafita ga talaka da mai kuɗi. Shi ya sa harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris, 2022 ya girgiza kowa, aka rasa rayuka, aka kwashe fasinjoji zuwa daji, jirgin bai dawo aiki ba sai Disamba. Rigasa kanta ta ga canji. An faɗaɗa titin da ke zuwa tashar, shaguna sun tashi, masu tasi da masu keke sun sami layi. Mai fili ya ji daɗi, ɗan haya kuwa ya ji a jikinsa.

Abin da ke damuna shi ne shinge. Tsohuwar tasha a buɗe take, unguwa ta shiga cikinta, ita ma ta shiga unguwa. Sabuwa kuwa sai mai tikiti. Na san dalili, bayan abin da ya faru ba mai hankalin da zai ce a bar ƙofa sake. Amma tagar jirgin nan ba ta buɗuwa, kuma mai talla tana can waje a rana, fasinja ya fito daga mota ya wuce ta da sauri. Kuɗin da a da ke zagaya gidaje ɗari yanzu a hannu kaɗan yake tsayawa. Tun da aka koma sayar da tikiti ta intanet a 2021 an rage wahalar layi da 'yan cuwa-cuwa, sai dai dattijon da ba shi da babbar waya dole ya nemi jikansa, ga kuma lambar katin ɗan ƙasa da ake tambaya. Ƙaramin ɗan kasuwa mai buhu biyar na albasa ba shi da gurbi a wannan jirgi, alhali irinsu ne suka raya na da.

Tun 2021 ake aikin miƙa layin daga Kaduna zuwa Kano, ga kuma na Kano zuwa Maraɗi, kuma za a gina sababbin tashoshi a hanya. Roƙona ga masu zana su shi ne, kafin a kafa shinge a je a ƙirga matan da ke soya waina da ƙosai a wurin, a yi musu rumfa daga ciki, a ba su katin shaida, a bincike kayansu kamar na kowa. A kuma ƙara tarago ɗaya mai araha wanda zai karɓi buhu da kwando.