Saura Kwana Nawa?

Watan Disamba wata ne na duhu a arewacin Turai. A birnin Hamburg na ƙasar Jamus, alal misali, rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe takwas da rabi na safe, kuma wajen ƙarfe huɗu na yamma ta faɗi. Sanyi ya kora yara cikin ɗaki, dare ya yi tsawo, ga kuma bikin Kirsimeti yana tafe. Kiristocin ƙasar suna kiran wannan lokaci Advent, kalmar da ta samo asali daga Latin da ma'anar isowa, kuma yana farawa ne daga Lahadi ta huɗu kafin bikin. Babba ya san lissafinsa, sai ya dubi kwanan wata ya ci gaba da harkarsa. Yaro kuwa tambaya ɗaya yake kwana da ita ya tashi da ita: saura kwana nawa?

Amsar tambayar ba ta da sauƙi kamar yadda ake zato. Idan aka ce wa ɗan shekara huɗu saura kwana ashirin, an ba shi kalma ce kawai, domin ashirin da hamsin duk ɗaya suke a wurinsa. Shi kansa harshe bai yi wa kwanaki masu nisa tanadin suna ba. Bahaushe yana da gobe da jibi da gata da citta, daga nan sai ya koma ƙirga. Bajamushe ma bai kai nan ba, domin kalmominsa na yau da kullum a gobe da jibi suka tsaya. Duk abin da ya wuce haka adadi ne, adadi kuwa ba ya zama a kan yaro sai ya gan shi da ido, ya taɓa shi da hannu.

Iyaye a Jamus sun gane haka tun ƙarni na 19, kuma da abin da ke cikin gida suka magance matsalar. Wasu kan ja layi 24 da alli a jikin ƙofa, kullum safiya yaro ya goge ɗaya. Wasu kan rataya hoto ɗaya a bango kowace rana. Mutumin da aka fi tunawa da shi a wannan fage shi ne Johann Hinrich Wichern, malamin addinin Kirista wanda ya buɗe wa yaran talakawan Hamburg gidan tarbiyya mai suna Rauhes Haus a 1833. A 1839 ya ɗauko tsohuwar ƙafar amalanke ta katako ya jera kyandirori a kanta, manya farare guda huɗu domin ranakun Lahadi, ƙanana jajaye domin sauran ranaku. Kullum aka taru sai a ƙara kunna ɗaya. Hikimar da ke ciki ita ce, yayin da dare yake ƙara tsawo a waje, haske ƙaruwa yake yi a cikin ɗakin, kuma yaron da bai iya ƙirga ba yana iya duban kyandiroran da ba a kunna ba ya san abin da ya rage.

Kalandar takarda da aka sani a yau kuwa ana danganta ta da Gerhard Lang, ɗan wani fasto a garin Maulbronn, wanda aka haifa a 1881. Yana yaro mahaifiyarsa ta ɗinka 'yan ƙananan biskit 24 a jikin kwali, ta yarje masa cin ɗaya a kowace rana. Da ya girma ya shiga sana'ar ɗab'i a Munich, sai ya mayar da dabarar uwar haja: ya buga hotuna 24 da yaro zai yanka ya manna, daga baya kuma, a shekarun 1920, ya fito da masu 'yan ƙofofi da ake buɗewa. Littattafai sun fi ambaton ɗan fiye da uwar, alhali allura da zarenta ne tushen abin. A lokacin yaƙin duniya na biyu ƙarancin takarda ya tsayar da sana'ar, jam'iyyar Nazi kuma ta buga tata kalandar, wadda ta cire addini ta cusa aƙidarta a madadinsa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa malami cewa abin da aka ɓoye bayan ƙofar da yaro yake ɗokin buɗewa darasi ne, ko mai kyau ko akasin haka. A 1946 Richard Sellmer ya farfaɗo da sana'ar a Stuttgart, daga nan ta bazu zuwa Amurka da sauran ƙasashe, har aka kai ga zuba cakulan a bayan kowace ƙofa.

Duk da cewa kantuna kan cika da irin waɗannan tun kafin watan ya kama, iyaye da yawa ba su daina yin tasu da hannu ba. Aikin ba ya cin kuɗi, dare yake ci, domin sai yara sun yi barci ake yin sa. Mai son ta ƙofofi sai ta sami kwali biyu masu girma ɗaya. A na sama za ta zana ƙofofi 24, ta yanka gefe uku na kowace da reza ta bar na huɗu ya zama maratayi, ta ɗora shi kan na ƙasa ta yi alamar inda kowace ƙofa ta faɗo, sannan ta zana hotuna a wuraren kafin ta manne su. Gam a gefuna kawai ake shafa shi. In ya kai ga ƙofa, yaro zai yage ta ne ranar buɗewa. Wata kwalayen ashana take tarawa ta liƙe su kamar 'yar durowa, wata kuma ta ɗinka aljihuna a jikin ƙyalle, ko ta rataya 'yan jakunkuna a igiya. Abin da ake sa wa a ciki ba sai mai tsada ba: alewa ɗaya, ko fensir, ko kacici-kacici, ko labari da aka yayyanka kashi 24 yadda kowace rana za ta ƙare a inda yaro zai matsu ya ji ci gaba.

A nan ne ta hannu ta fi ta kanti. Kamfani ya yi tasa ne domin kowane yaro, uwa kuwa ta san wanda take yi wa. Ta san ranar da yake da jarrabawa, ta san ranar da kakarsa za ta zo, sai ta sa abin da ya dace da ranar. Har ila yau akan warwatsa lambobin da gangan, 7 kusa da 19, 2 a can ƙarshen layi, domin yaro ya nemi lambar yau da kansa. Ta haka yake koyon sifar lambobi ba tare da ya san ana koya masa ba. Wani abin lura kuma, lambobin hawa suke yi daga 1 zuwa 24, amma ƙofofin da ke rufe raguwa suke yi, wato tarawa da ɗebewa a kan kwali guda.

Sai kuma ƙa'idar da komai ya rataya a kanta, wato ƙofa ɗaya a rana. Babu kwaɗo a jikin kwali, yaro yana iya buɗe duka a dare ɗaya, kuma akan sami mai yin hakan. Hukuncinsa yana cikin aikin nasa, domin gobe zai tashi ya tarar babu abin buɗewa alhali ƙanensa yana da saura.

A makarantun firamare na Jamus akan yi kalanda ɗaya domin aji duka, kuma a nan malami ke haɗuwa da lissafin da uwa ba ta haɗuwa da shi. Ranakun karatu a Disamba ba su kai 24 ba, saboda Asabar da Lahadi da hutun da ke farawa kafin bikin, yara kuma suna iya fin haka yawa. Don haka akan daidaita yawan ƙunshin da yawan yara, a buɗe biyu ko uku a wasu ranakun, a kuma fitar da sunan mai buɗewa ta hanyar ƙuri'a, don kada a ce malami ya fifita wani. Idan iyaye ne za su kawo abin sakawa, akan ƙayyade kuɗinsa, saboda kada ƙunshin ɗan mai hali ya kunyata na ɗan marar hali. Iyalan Musulmi mazauna Turai su ma sun ari dabarar domin watan Ramadan, sai dai tasu aljihu 30 ake yi mata, kuma na ƙarshen yana jiran ganin wata, tunda azumi yana iya tsayawa a 29.

A kalandar Jamusawa ƙofa ta 24 akan yi ta ta fi sauran girma, domin a yammacin ranar ne suke raba kyaututtukan bikin. Bayan nan ta kwali ta gama aikinta. Ta ƙyalle kuwa sai a zazzage ta, a wanke, a ninke a ajiye cikin akwati sai baɗi.