Rumbun Muryoyin Falanko

A garinmu Falanko, cikin ƙasar Damargu, ba a yabon manomi da yawan dammunan geron da ya ɗaure sai an ga rumbun da zai zuba su. Ban san wannan hukunci zai hau kaina ba, sai da na shekara biyu ina naɗar muryoyin tsofaffi domin kundin bincikena kan karin harshen yankinmu. Ina naɗa da tsarin WAV, kilohaz 48 da bit 24, kamar yadda masu adana sauti suke ba da shawara, kuma a wannan ma'auni sa'a guda ta sitiriyo takan ci kimanin gigabayit 1. Da bidiyo ya shigo, sai faifan da nake yawo da shi a jaka ya cika. Wata rana ya faɗi daga kan babur, ya tafi da sa'o'i 11 na hirar kakata, wadda ta rasu a daminar da ta biyo baya.

Daga nan na ƙudura gina rumbu a gida: tsohuwar kwamfutar tebur da za ta riƙe faifai da yawa, tana aiki da wutar hasken rana, ta yadda in ɗaya ya mutu sauran za su mayar da abin da ke cikinsa. Sai dai babban allonta mahaɗar SATA huɗu kawai gare shi, ni kuwa faifai shida nake so in haɗa. Dole a ƙara kati.

Katin farko a kasuwa na saye shi, jika goma sha biyar. Mai shagon ya ce mini: "Ƙanena, in dai ya shiga ramin, ai magana ta ƙare." Ya shiga kuwa daram. Amma faifan terabayit 4 da na jona masa, rabinsa kaɗai ya gani. Daga baya na gane dalili: tsofaffin katuna da bit 32 suke ƙidayar gurabun faifai, kowane gurbi bayit 512, don haka lissafinsu yakan tsaya a wajen terabayit 2.2.

Wannan hasara ta koya mini tambayoyi huɗu. Ta farko, faɗin hanya. Ramin PCIe layi-layi ne, daga 1 zuwa 16, kuma layi guda na zubi na 2.0 megabayit 500 yake ɗauka a daƙiƙa, alhali faifai mai juyawa yakan kai 150 zuwa 200. Faifai shida a kan layi guda tamkar garke ne a bakin rijiya mai guga ɗaya. Ta biyu, harshe. Katin SAS yana jin faifan SATA, amma katin SATA ba ya jin faifan SAS. Duk ɗalibin da ya zauna a kasuwar Tanut ya san irin wannan fahimta mai gefe ɗaya: Buzu yakan yi ciniki da Hausa, Bahaushe kuwa da wuya ya mayar masa da Tamajak.

Ta uku, tafinta. Katin RAID yakan tsaya tsakanin faifai da manhaja, ya tattara su ya nuna mata abu guda, ya ɓoye lafiyar kowanne. Tsarin ZFS, wanda yake auna kowane guntun bayani don gano ruɓewa, so yake ya ji daga bakin faifan kai tsaye. Shi ya sa masu amfani da katin LSI 9211-8i suke sa shi a yanayin IT, inda yake miƙa saƙo ba ƙari ba ragi. Mu ma da haka aka hore mu a fagen bincike: a rubuta abin da mai magana ya faɗa, ba abin da tafinta ya so ya faɗa ba.

Ta huɗu ita ce ta Damargu. An ƙera irin wancan kati domin ɗakuna masu sanyi da iska mai kaɗawa, yana kuma cin wajen wat 10. A ɗakin da zafin Afrilu yake haura digiri 40, ga ƙurar hunturu, ga batir da ake tattali, sai na zaɓi ƙaramin kati mai ƙwaƙwalwar ASM1166: mahaɗa shida, layi biyu na PCIe 3.0, wuta kaɗan, kuma Linux ya gane shi nan take. Duk da haka na ɗaura masa ƴar fanka.

Tun 1968 cibiyar da ake kira CELHTO a yau take tattara adabin baka a Yamai, amma yawancin abin da mu ɗalibai muke naɗa yana kwance ne a wayoyi da jakunkunanmu. Rumbuna ma bai isa shi kaɗai ba, domin gobara ko ɓarawo ba sa bambance faifai shida da ɗaya. Don haka kowane ƙarshen wata nakan kai kwafi gidan yayana a Damagaram. Daga hirar kakata mintuna 40 suka tsira, waɗanda na taɓa tura wa malamina. Su na fara zubawa a rumbun.