Tayar Mota a Ƙasar Abzin

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in ba 'yan'uwa direbobi labarin abin da na gano a ƙasar Abzin game da taya, ko siririya ta fi ko faffaɗa, gama gardamar ta daɗe a tasha.

Da kaka muka tashi daga Damagaram, muka bi ta Tanut har Agadas, motoci biyu, tawa mai faffaɗar taya, ta abokina mai siririya. Daga nan muka nufi Ingal ta yamma. Ƙasar wurin laka ce, ruwan damina kuwa bai gama ƙafewa ba. Siririyar ta yanka taɓo ta tarar da ƙasa mai ƙarfi a ƙarƙashi, ta wuce abinta. Tawa kuwa sai ta hau bisa tana santsi, har aka jawo ni da igiya.

Da muka hau duwatsun Abzin wajen Timiya, nan ma na sha wuya, domin cikin faffaɗar taya ya ɓullo gefe, dutse mai kaifi ya tsaga mini ɗaya, irin tsagar da faci ba ya ɗinkewa.

Sai da muka fuskanci gabas, cikin rairayin Tenere, hanyar da ayarin gishiri ke bi zuwa Bilma, sa'an nan tawa ta sami ranarta. Wanda ya dubi tafin raƙumi da kofaton jaki ya san dalili: mai faɗi ya raba nauyi bisa rairayi, siriri ya nutse. Motar abokina ta kafe da tsakar rana, muka yi ta haƙa da shebur, ruwan shanmu yana raguwa, babu rijiya, babu inuwa. Ko itaciyar nan guda da aka san Tenere da ita, mota ta kaɓe ta tun 1973.

Jagoranmu, wani dattijon Buzu, ya ce a sace iskar tayoyin wajen rabi. Da aka yi haka sai sawun kowace taya ya ƙara tsawo, motar ta fita. Ya gargaɗe mu kada mu yi gudu da su haka, don za su yi zafi su fashe, in mun taka tsandauri kuma mu mai da iskar da famfo.

To, jama'a, ga shawarata. Mai bin taɓo da duwatsu ya sa siririya mai tsawo. Mai babban lodi cikin rairayi ya nemi faffaɗa. Amma kowa ya riƙe famfo da safaya biyu, gama a can kafewar mota batun rai ne. Gani ya kori ji.

Haza wasalam.

Naka,
Wani Direba, Damagaram