Gidan Kalabi da Damina Ake Duba Shi

Duk wanda ya daɗe yana biyan haya a Zangon Kwatano burinsa ya kwana a nasa. To Zango ta cika, fili ya yi tsada, shi ya sa 'yan'uwanmu ke wuce Godomey su nufi Abomey-Calavi, wato Kalabi a bakinmu. Na sha raka masu saye can, ga abin da idona ya gani.

A Katsina ko Maraɗi, mai sayen gida rufi yake fara ɗaga kai ya duba. A nan ƙasa ake fara kallo. Kwatano rairayi ce tsakanin teku da tafkin Nokuwe, ita kuwa Kalabi kashi biyu ce: tudu mai jar ƙasa, da fadamar da ke gangarawa bakin tafki, inda ake hawa kwalekwale zuwa Ganvié. Da rani duka biyun tsaf suke. Da damina, daga Afrilu zuwa Yuli, sannan daga Satumba zuwa Nuwamba, ruwa ke nuna wace ce wace. Wanda ya ga ambaliyar 2010 ba sai an yi masa bayani ba.

Saboda haka ɗan'uwa, kar ka yi cinikin biri a sama. Je ka da magininka, ba na dillali ba, washegarin ruwa mai ƙarfi. In ka ga sabon fenti a gindin bango kaɗai, leƙa katangar maƙwabci: layin da ruwa ya bari yana nan. Ƙwanƙwasa ginshiƙi, don iskar teku na sa rodi tsatsa, ya kumbura ya fasa siminti daga ciki. Auna tazarar rijiya da ramin masai. Ruwan ƙasa kusa yake, kuma yaranka ne za su sha. Nemi rasit ɗin wutar SBEE da na ruwan SONEB, kar ka gaji bashin wani. Tsohuwar da ke suyar doya a bakin layi ta fi dillali sanin tarihin gidan, tambaye ta.

Sai takarda, uwar duka. Filaye da yawa a Kalabi gadon dangi ne. Wannan ya sayar, gobe ɗan baffansa ya sayar wa wani, shari'a ta ci shekaru. Yarjejeniyar ciniki kaɗai ba ta isa ba. Benin ta yi sabuwar dokar filaye a 2013, hukumar ANDF ke riƙe da rajista. Nemi takardar mallaka da suke kira titre foncier, a tantance ta can, kuma a gaban notar za ka biya, shi zai faɗa maka abin da doka ta yarje wa baƙo.

In mai gida na gaggawar a gama kafin ruwa ya sauka, kai kuma jira ruwan. Guminka na shekara ashirin a Dantokpa ya fi ƙarfin haƙurin wata uku? Allah Ya sa mu dace.