Kabad ɗin Inna

A garinmu Kance, idan za a aurar da yarinya, iyayenta ne ke yi mata kayan ɗaki. Su ke sayen gado da katifa, da tabarmi, da kwanuka da tasoshi. Kafin a kai amarya, mata su kan tafi gidan ango su yi jere. A zamanin kakanninmu ƙorai ake jerawa, waɗansu kuma a rataye su cikin ragaya. Yanzu kuwa kabad ake sawa a jikin bango, a jera kwanuka a ciki da bisansa. Waɗansu suna ce masa armuwar. Duk wadda ta shiga ɗakin amarya, shi take fara duba.

A daminar shekarar 2021 ruwa ya ɗauke da wuri, gonarmu ba ta ba da gero mai yawa ba. A kakar nan aka sa ranar auren yayata. Ni kuma lokacin ina aji shida a lakwal. Baba ya sayi gado, Inna ta sayar da akuyarta ta sayi kwanuka. Saura kabad.

Wata Juma'a Baba ya tafi kasuwar Matamaye ya tambayo kuɗin sabo. Da ya komo ya zauna, ya daɗe bai ce kome ba. Can ya ce: «Idan za mu sayi sabo, sai mun buɗe rumbu. In muka buɗe rumbu yanzu, mi za mu ci a bazara?»

Inna ta ce: «Malam, a bar rumbu. Ga nawa nan, a gyara mata.»

Kabad ɗin Inna ya girme ni, ya girmi yayata. Da shi aka kawo ta gidanmu. Hayaƙin murhu ya baƙanta shi, fentinsa ya ɓaɓɓare, ƙofa guda ta karkace. Yaya ta dube shi, ta shiga ɗaki tana kuka. Tsoronta kada a ce an kai ta da tsohon kaya, ta zama abin magana a bakin rijiya. Gwaggo ma ta goyi bayanta. Inna dai ba ta yi gardama da kowa ba. Ta ce: «Ku bari a gama aikin tukuna. In bai yi kyau ba, ni da kaina zan ce a fasa.»

Kawu, ƙanen Inna, kafinta ne. Ranar Asabar da sassafe ya zo da jakar kayan aikinsa. Muka kwashe kwanuka, muka fitar da kabad tsakar gida, ƙarƙashin bedi. Ni a zatona nan take za a buɗe gwangwanin fenti. Kawu ya yi dariya ya ce: «Shafa fenti shi ne ƙaramin aiki, shi ne kuma na ƙarshe.»

Da farko ya kwantar da kabad ɗin, ya bi ƙafafunsa yana ƙwanƙwasawa da guduma. Ya ce in saurara. Katako mai lafiya yana ba da amo mai ƙarfi. Wanda gara ta ci kuwa amonsa kamar na ƙwarya ne, don cikinsa ya zama rami. Ƙafa guda ɗaya gara ta taɓa, ya cire ta ya sa sabuwa. Sauran jikin lafiya lau. Kawu ya ce katakon da, ya fi na yanzu kauri, da tsohuwar zuma ake magani.

Ya cire ƙofofi biyu da gilashinsu, ya aje su gefe. Ya ba ni ƙusoshi in adana cikin wani ƙoƙo don kada su ɓace cikin rairayi. Sa'an nan ni da Yaya muka wanke kabad ɗin da ruwan ɗumi da sabulu. Ruwan ya fito baƙi ƙirin. Wannan wanki ba na kwalliya ba ne kawai. Hayaƙi da maiƙon girki su kan lulluɓe katako, fenti kuwa ba ya kama wuri mai maiƙo. In aka shafa shi bisa dauɗa, kafin shekara sai ya riƙa tashi kamar ɓawon gyaɗa.

Da aka zo kankare tsohon fenti, Kawu ya ce a fitar da ƙananan yara duka daga gidan, da matar maƙwabcinmu mai juna biyu. Ni ma ya ce in koma nesa. Ya rufe hancinsa da bakinsa da ƙyalle, ya jiƙa samfefa da ruwa kafin ya fara gurzawa. Samfefa takarda ce mai kauri wadda aka manna wa yashi.

Daga baya na tambaye shi dalili. Ya ce akwai fentin da ake sa wa dalma don launinsa ya yi haske, ya kuma bushe da sauri. Da ido ba a gane shi. Idan aka gurza shi a bushe, ƙurarsa ta kan tashi, yaro ya shaƙe ta ko ya kai ta baki da hannunsa. Dalma guba ce. Tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ta rage masa fahimta. Da na ba mushenmu labari a lakwal, ya ƙara mini bayani. Ya ce a Amurka an hana sayar da fenti mai dalma na gidaje tun 1978. Ya ce kuma a shekarar 2010, a jihar Zamfara ta Najeriya, gubar dalma ta kashe yara wajen 400. Can ba daga fenti ta fito ba, daga duwatsun zinariya ne da ake niƙawa a cikin gidaje, amma gubar iri ɗaya ce.

Da Kawu ya gama, ya tattara ɓawon fentin da laka mai launi, ya ƙulle su cikin leda, ya kai inda yaro ko akuya ba za su kai ba. Ya wanke hannunsa da fuskarsa da sabulu kafin ya ci tuwo. Ramukan ƙusa da tsagogi kuma ya cike su da garin katako da ya kwaɓa da gam. Muka bar kabad ɗin ya kwana ya bushe.

Da dare Baba ya tambayi yawan fentin da za a saya. Kawu ya dube ni ya ce: «Ga ɗan lakwal nan, ya lissafa mana.» Na ɗauko ma'aunina da allo. Tsawon kabad santimetir 150 ne, faɗinsa 100, zurfinsa 40. Gaba da baya, kowane metir murabba'i 1,5. Gefe biyu, kowane 0,6. Bisa 0,4. Duka sun tashi 4,6. Shafi biyu za a yi, ke nan 9,2. Kawu ya ce litir guda na fentin mai ya kan rufe metir murabba'i 10 ko kusa da haka. Ashe gwangwanin litir guda ya isa, tun da ba a shafa wa gilashi. Baba ya yi murmushi, don shi da biyu ya yi niyyar saye.

Launi kuwa aka bar wa Yaya ta zaɓa. Da farko ta ce ba ruwanta. Da Inna ta ce to, za a sayo tsanwa irin na da, sai ta yi maza ta ce: «A'a, bula nake so.» Muka yi dariya duka.

Fenti iri biyu ne a kanti: na ruwa da na mai. Na ruwa an fi shafa shi a bango. Na mai shi ya dace da katako da ƙarfe, don ana iya goge shi da jiƙaƙƙen tsumma. Yana kuma tare laima. Katako ya kan sha laima da damina ya kumbura, da rani ya bushe ya tsuke, har ƙofa ta ƙi rufuwa. Fenti yana rage wannan.

Lahadi da safe aka fara shafi. Kawu ya ce lokacin ya yi daidai: ruwa ya ɗauke, ƙurar hunturu kuma ba ta sauko ba. Ya yayyafa ruwa a ƙasa don kada ƙura ta tashi. Ya ce kada a hura wuta kusa, don fentin mai da kananzir suna kama wuta. Ya motsa fentin da sanda har ya haɗe. Ya nuna mini yadda ake tsoma bakin buroshi kaɗan, a share shi a bakin gwangwani, a ja shi ta hanyar da zaren katako ya bi. Daga bisa ake farawa a sauko ƙasa. Ni aka ba bayan kabad, shi ya ɗauki gaba da ƙofofi.

Shafin farko bai yi kyau ba ko kaɗan, ana hango katako ta ƙarƙashinsa. Gwaggo ta leƙo ta ce: «Ka ƙara masa kauri mana!» Kawu ya ce: «Yaya, ki yi haƙuri.» Ya bayyana mana cewa fentin mai sai ya haɗu da iska yake taurara. In ya yi kauri, bisansa ya kan bushe ya bar cikinsa ɗanye, sa'an nan ya yamutse kamar fatar tsoho. Gara siriri sau biyu da mai kauri sau ɗaya.

Aka bar shi a zaure kwana biyu. Kawu ya komo ya ɗan gurza shi da samfefa mai laushi, ya yi shafi na biyu. Allunan ciki, inda kwanukan abinci ke zama, ba a shafa musu fenti ba, wanke su kawai aka yi. Ya wanke buroshi da kananzir. Gwangwanin kuma ya huda gindinsa da ƙusa, don kada wani ya mai da shi na shan ruwa. Bayan mako guda wari ya fita, ya mayar da ƙofofi, suka rufu daidai.

Ranar jere mata suka cika ɗakin. Aka ɗora ƙafafun kabad bisa ƙananan duwatsu huɗu, aka ɗan janye shi daga bango, don a riƙa ganin hanyar gara in ta taso. Kwanuka suna walƙiya a bayan gilashi. Wata tsohuwa, ƙawar kakata, ta daɗe tana dubansa. Ta shafa gefensa ta ce wa Inna: «Wannan ai naki ne. Ni na jera miki shi.» Ɗakin ya yi tsit. Inna ta ce: «Shi ne, Iya.» Tsohuwar ta ce: «To, Allah ya sa ta zauna kamar yadda kika zauna.» Mata suka ce amin, wata ta rangaɗa guɗa.

Rumbunmu ba a buɗe shi ba sai cikin bazara. Geron ya kai mu har aka yi shuka.

Tambayoyi

1. Don mi Baba bai sayi sabon kabad ba?
2. Yaya ake gane katakon da gara ta ci?
3. Don mi Kawu ya jiƙa samfefa, ya kuma fitar da yara?
4. Ku auna ƙofar ajinku. Litir guda na fenti zai shafe ƙofa nawa irinta, gaba da baya, shafi biyu?