Waƙar Raha Da Ta Zama Zambo

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ɗan fili in faɗa wa 'yan'uwana malamai da akawuna abin da ya same ni.

Tun ina yaro a Paki na ke sha'awar 'yan kama, masu ɗaukar muryar waƙar da kowa ya sani, kamar ta Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, su juya ta zuwa zancen tuwo da fura. In na taso daga aiki na kan tsara irinta, in rera wa abokai, a yi dariya a watse.

Bara sai na yi wata bisa rowar wani maƙwabcina, na ɗauke ta a waya. Kafin kwana bakwai ta kai Ikara da Makarfi, yara kuwa suna bin 'ya'yansa da amshi. Dattijon nan ya daina zama a dandali. Na tafi da liman na nemi gafara, ya yafe, amma waƙar ba ta gogu ba.

Sa'an nan na gane hikimar ɗan kama: cikinsa ya ke yi wa ba'a, ba mutuncin wani ba. Malam Aliyu Namangi na Zariya ma, da ya yi Waƙar Keke, abin hawa ya ishe shi ba jama'a dariya.

Don Allah, masu wannan sha'awa, a yi raha da kai, a bar maƙwabci. Magana zarar bunu ce, balle wadda waya ta riƙe.

Haza wasalam.

Naka,
Wani malamin makaranta, Paki.