Daga Jiwa Zuwa Tarkwa Bay: Ranar Da Muka Ɗauki Shatar Jirgin Ruwa

Ɗaurin aure ne ya kai mu Legas. Ɗaya daga cikinmu, mu masu sayar da katako a kasuwar Dei-Dei da ke zaune a Jiwa, ya samo mata a Agege, 'yar wani dattijo mai fataucin goro. Tun da aka sa rana muka fara karo-karo, domin a wurinmu duk wanda zai yi aure sai an raka shi, ko da bangon duniya ne. Ana cikin wannan lissafi wani matashi ya kawo shawarar cewa tunda za mu je inda ƙasa ta ƙare, kada mu dawo ba mu hau teku ba. Ya nuna mana bidiyo a wayarsa: samari da 'yan mata a kan wani farin jirgi, kiɗa na tashi, kwalabe na zagayawa. Alhaji, shugabanmu, ya ɗan duba ya miƙa masa abarsa, ya ce, "Nan ba wurin zuwanmu ba ne." Yaron ya ce, "Alhaji, ai shata ake ɗauka. Jirgin gaba ɗaya namu ne, abin da muke so shi za a yi a ciki." Da wannan maganar ya shawo kan dattawa.

Mu mutanen tudu ne. Babban ruwan da yawancinmu suka taɓa gani shi ne tafkin Jabi, sai kuma madatsar Usuma ta wajen Ushafa. Mutum ɗaya ne a cikinmu ya san ruwa, wani Basarke daga ƙasar Yawuri, wanda ya tashi a bakin Neja kafin neman abinci ya kawo shi Abuja. Sarkin Ruwa muke ce masa don tsokana, kuma shi kaɗai ne bai yi murna da shawarar ba.

Bayan sallar asuba bas ɗinmu ta tashi, ta bi Zuba da Gwagwalada da Abaji har Koton Karfe. A Jamata muka haye Neja ta gadar Murtala Muhammad, muna hango kwale-kwale a ƙasa, shaƙe da mutane da buhuna da babura. Mun karya kumallo da soyayyen kifi a Lokoja, inda Neja da Binuwai suke haɗuwa, inda kuma hedikwatar NIWA take, hukumar da ke kula da hanyoyin ruwan cikin ƙasa. Daga nan sai Okene, Owo, Akure, Ife, Badun. Ba mu shiga Agege ba sai da aka daɗe da yin isha'i, kowa ƙafarsa a kumbure.

Wanda ya sauka a Zangon Agege ba zai ji baƙunta ba. Goro da dabbobi da layin dogon da ya isa Kano a 1911 sun zaunar da Hausawa a nan tun kakanni, suna da sarkinsu da masallatansu da makarantun allonsu. Yaran unguwar kan gaishe ka da Hausa, su juya su yi ciniki da Yarabanci ba gargada. An ɗaura aure bayan sallar Juma'a, aka raba goro da alewa, aka yi walima. Wani ɗan'uwan amarya, haifaffen Agege, shi ya tsaya mana a kan maganar jirgi. Ya yi ciniki, ma'ajinmu ya biya kafin alƙalami, aka tsayar da Asabar.

Da hantsi muka hau gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, wadda aka buɗe a 1990. Ta gefe guda ana hango Makoko, unguwar masunta da aka kafa gidajenta a kan turaku cikin ruwa. Da muka sauka Ikoyi, Malam, limamin tafiyarmu, ya tuna mana cewa a wannan unguwa aka kashe Janar Murtala ranar 13 ga Fabrairu 1976, kwana goma bayan ya sanar da ƙasa cewa za a gina sabon babban birni. Ya ce da ba don wannan sanarwa ba, da wataƙila yawancinmu ba mu san hanyar Jiwa ba. Aka yi masa addu'a, muka gangara tashar jiragen da ke kusa da gadar Falomo.

A nan aka yi abin da ya fi tsaya mini a rai a duk tafiyar. Jirginmu na mutum ashirin ne, mai rumfa, da inji biyu a baya. Mu da masu masaukinmu mun cika shi daidai. Sai ga ƙannen amarya su huɗu sun biyo mu a tasi, sun ci kwalliya, suna ce wa ango, "Yaya, ai ba za ka shiga teku ka bar mu ba." Ango ya rasa ta cewa. Wa zai kori surukai ana kwana ɗaya da ɗaurin aure? Alhaji ya je wurin matuƙin, aka yi masa tafinta: yara ne, ba su da nauyi, za mu matsa musu, za a ƙara masa wani abu. Matuƙin ya nuna masa takardar da aka rubuta sunayenmu da lambobin wayar 'yan'uwanmu, ya nuna rigunan ruwa da ke jere a kan kujeru, ya ce riga ashirin gare shi, kai ashirin zai ɗauka. Ya ƙara da cewa jami'an LASWA, hukumar ruwa ta jihar Legas da aka kafa a 2008, suna iya tare shi, kuma abin da za a ba shi bai kai tarar ba. Ran Alhaji ya ɗan sosu. Sarkin Ruwa ya matso ya ce a hankali, "Alhaji, a bar shi. Wannan mutumin kirki ne." A ƙarshe aka biya wa yaran kuɗin kujera a jirgin haya da ke zuwa wuri ɗaya, suka ma riga mu isa.

Sarkin Ruwa ne ya fara saka rigarsa, ya ja igiyoyinta tamau, sannan ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana gyara mana. Wani ya ce, "Kai da ka iya ninƙaya, me za ka yi da ita?" Ya ce, "Na ga gawar waɗanda suka fi ni iyawa." Babu wanda ya sake magana. Alhaji ya cire babbar riga ya naɗe, ya saka ta ruwa a kan kaftani, Malam ya yi addu'ar hawa abin hawa, inji ya ɗauka.

Mashigin Five Cowries, wanda ya raba Ikoyi da Victoria Island, ruwa ne kwantacce. Ta ko'ina dogayen benaye ne da jiragen masu hannu da shuni a ɗaure a bakin gidaje. Hira ta ɓarke, aka fito da kilishi da dambun nama, aka buɗe kular zoɓo da kunun aya, yaron da ya kawo shawara ya sa waƙoƙin biki daidai yadda ba za su hana dattawa jin juna ba. Wani babban jirgi mai hawa biyu ya wuce mu, kiɗansa har cikin ƙirji, masu rawa suna ɗago mana hannu, mu ma muka ɗaga musu. Irinsu galibi Ilashe suke nufa, inda ake hayar gidajen bakin teku na yini guda, musamman a watan Disamba.

Da muka fita daga mashigin muka shiga hanyar manyan jirage, sai labari ya sha bamban. Can nesa ana hango ƙugiyoyin sauke kaya na tashar Apapa. Wani jirgin kwantena ya doso, tsayinsa ya rufe mana rabin sama, ruwan da ya ture ya zo ya ɗaga mu ya sauke. Salati ya kaure. Kofin zoɓo ya kife a kan farar shaddar ango. Matuƙin bai ko ɗaga kai ba; ya rage gudu, ya juya goshin jirgin ya fuskanci igiyar, muka hau ta muka sauka lafiya. Sarkin Ruwa ya yi mini bayani cewa igiya ba a ba ta gefe, kuma jirgin da aka yi wa lodi fiye da ƙima bakinsa na kusa da ruwa, irin wannan ɗagawa ɗaya ta isa ta cika shi. Na tuna da yara huɗun nan, na yi shiru.

Tarkwa Bay ba a zuwanta sai ta ruwa, kuma ba ta kai rabin sa'a daga Falomo ba. Jirgi ba ya iya matsawa har kan yashi, sai mutum ya naɗe wando ya taka ruwa. Abin da ya sa ruwanta ke da sauƙin kai aikin Turawan mulkin mallaka ne. A farkon ƙarni na 20 yashi kan toshe bakin tashar Legas ya hana manyan jirage shiga, sai suka riƙa ɗauko duwatsu daga Abeokuta a jirgin ƙasa suna jera ganuwa cikin teku. A bayan wannan ganuwa Tarkwa Bay ta fake. Amma gyaran wani ɓarnar wani ce. Teku a wannan gaɓa tana tura yashi ne daga yamma zuwa gabas. Ganuwar ta tare shi, sai Bar Beach da ke gabas ta rasa mai ciko, ruwa ya yi ta cinta shekara da shekaru har yana hawowa titin Ahmadu Bello. A wurin ne yanzu aka cike teku ake gina Eko Atlantic, wadda muke hango benayenta a tsallake.

Mun kama rumfa da kujeru, aka fasa mana ɗanyar kwakwa, samari suka buga ƙwallo da ƙannen amarya. Mai gasa mana kifi ya ba mu labarin Janairun 2020, lokacin da sojojin ruwa suka tashi mazauna tsibirin, dubban mutane, bisa zargin ana fasa bututun man da ya taso daga Atlas Cove. Ya ce da yawa ba su dawo ba. Mu da muka san yadda rusau yake a gefen Abuja ba mu buƙaci dogon bayani ba. Da azahar ta yi Malam ya ce ruwan teku mai tsarki ne, muka yi alwala da shi, gishiri na cizon leɓe, muka fuskanci gabas da ɗan karkata arewa, muka haɗa azahar da la'asar a kan yashi.

Rana na yin sanyi matuƙin ya aiko yaronsa ya ce a tashi. Samari suka nemi a bari su ga faɗuwarta. Ya ce shi ba ya tuƙin dare. Ya sake ƙirga mu da takardarsa, ya duba rigar kowa, muka juyo.

A bas, kan hanyar komawa Agege, Sarkin Ruwa ya buɗe baki. Ya kawo Warra ta jihar Kebbi, inda jirgi ɗauke da mutum sama da 150 ya nutse a Mayun 2021. Ya kawo Bagwai ta jihar Kano, inda a ƙarshen Nuwamban 2021 jirgi ya kife a ruwan Watari da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi. Ya kawo Patigi ta jihar Kwara, inda a Yunin 2023 mutum fiye da 100 suka rasu da dare suna dawowa daga biki, biki irin wanda ya kawo mu. Wani ya ce ai masu fiton Arewa ne ba su da imani. Ya ce a'a. "Matuƙin nan na yau, an biya shi kuɗin jirgi gaba ɗaya tun kafin ya kunna inji. In ya ƙara mutum, kasada ya ƙara wa kansa. Mai fito a garinmu kuɗin kai yake karɓa, ga tsadar mai, ga jirgin katako da ya tsufa. Duk wanda ya bari a gaɓa, abincin 'ya'yansa ya bari. Su kuma fasinja ba mai yarda a bar shi, don in wannan ya tafi babu wani sai gobe."

Na jima ina juya wannan magana. Mun ɗauka abin da muka saya da kuɗin shata shi ne sakewa, wato mu ci abincinmu, mu sa kiɗanmu, mu yi sallarmu a kan lokaci, kuma mun samu. Amma babban abin da kuɗin ya saya shi ne matuƙin da zai iya ce wa Alhaji a'a bai yi asarar ko kwabo ba. Dokar hana lodi da tafiyar dare tana nan a rubuce, a Legas da Yawuri duka. Sai dai inda bin doka yake rage wa mutum abin kai wa gida, kuma babu jami'i a mashigi, takarda ba ta hana komai. Kunya ma tana da nata kaso: mu da kanmu mun so a danna yara huɗu a jirgi don kada surukai su ga baƙinmu.

A zamanmu na farko bayan mun dawo Jiwa, ma'aji ya karanta lissafi, aka samu ragowar kuɗi. Wasu suka ce a raba, wasu suka ce a sayi rigunan ruwa a aika mashigin su Sarkin Ruwa. Shi kuwa ya ce riga tana da amfani, a saya, a damƙa wa sarkin ruwan gaske na garin don kada ta ƙare a kasuwa. Amma ya roƙi abu ɗaya. Ƙanwarsa za ta yi aure bayan girbi, kuma dangin ango daga tsallaken kogi suke. Yana so ƙungiya ta ɗauki nauyin fiton 'yan biki: a biya mai jirgi kuɗin sawu biyu ko uku tun kafin ranar, a gaya masa adadin da zai ɗauka a kowane sawu, kuma sawun ƙarshe ya tashi kafin magariba.

Alhaji ya tambaye shi, "To in dangi suka taru a gaɓa suka ce sai sun shiga, wa zai hana su?"

Ya ce, "Ku za ku hana su, Alhaji. Ai da ku za a je."

Aka yi dariya, ma'aji ya buɗe sabon shafi ya rubuta kuɗin fito a ƙarƙashin na shinkafa da rumfa.